Inda Ruwan Jiƙon Shinkafarmu Ke Zuwa

Ba don muhalli aka ɗauke ni aiki ba. Kimiyyar sinadarai na karanta, kuma aikina a kamfanin shinkafar da nake, nan bayan garin Katsina, shi ne in auna danshin shanshera idan tirela ta sauke, in duba yawan karyayya a buhu, in tabbatar shinkafa ba ta fita da wari ko tsakuwa ba. Ranar da wasiƙar hukumar muhalli ta iso kan ruwan dattin da muke saki, manaja ya juya ta gaba da baya, ya ga kalmomi irin na ɗakin gwaji, sai ya aiko masinja ya kira ni. "Malam, wannan yarenku ne," in ji shi, ya miƙo mani. Tun daga ranar na zama jami'in kula da muhalli, albashi kuwa yana nan inda yake.

Wanda bai taɓa shiga kamfanin gumi ba zai ɗauka ƙura da ɓuntu ne kaɗai dattinmu. Ruwa ne babba. Kafin a turara shanshera sai an jiƙa ta a ruwan zafi na sa'o'i, kamar dai yadda iyayenmu mata ke yi a tukunya, sai dai mu manyan tankunan ƙarfe ne. Idan ta sha ruwa a buɗe famfon ƙasa a saki jiƙon. Yana fitowa ja-ja kamar shayin da ba madara, da zafinsa, a sa'ar farko har ɗan ƙamshi gare shi. Bar shi ya kwana a kwata ka gani. Sitacin da ya narke a ciki ya yi tsami, kumfa ta taso, launi ya koma baƙi-baƙi, wari kuwa har a riga yake bin mutum gida. Mai ɗakina ta daɗe da ware mani ƙusar rataye kayan aiki a zaure.

Ruwan yana bin kwata ya fita ta ƙarƙashin katanga, ya faɗa wani tsohon kududdufi da aka ɗebi ƙasar gini, in ya cika ya malala wani ɗan rafi. Shekara da shekaru ana haka ba wanda ya tanka, don lokacin da aka kafa kamfanin gonaki ne ke kewaye da shi. Gari ne ya taso ya cim mana. Aka yanka filaye, aka yi gidaje, aka gina masallaci da islamiyya daf da kududdufin. Mutanen unguwa suka kai kuka wajen mai unguwa, daga nan magana ta hau sama.

Jami'an da suka zo su uku ne, wata mata ce ke jagorantarsu. Ba su zauna shan lemo a ofis ba, suka ce a kai su bakin kwata. Ta tsaya ta kalli ruwan, ta tambaye ni lita nawa muke saki a rana. Na ce da yawa. Ta ce, "Malam, da yawa ba lamba ba ce." Sannan ta nemi rahoton nazarin tasirin muhalli da ya kamata a yi kafin gini, da rahoton binciken muhalli na kamfani mai aiki, da sakamakon gwajin ruwan, da takardar izinin zubar da shi. Na buɗe fayil ɗinmu. Akwai rajistar kamfani, akwai ta NAFDAC, akwai rasiɗan haraji. Cikin abubuwa huɗun da ta lissafa ko ɗaya babu. Suka ba mu wa'adi a rubuce suka tafi.

Dare biyu na yi ina karanta dokoki a waya. Asalin abin ya ɗan ba ni mamaki. A 1988 ne aka gano gangunan guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, can jihar Delta ta yanzu, abin kunyar da ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, a ƙarshen shekarar. A 1991 aka fitar da ƙa'idar iyakance dattin ruwan masana'antu, a 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin tasirin muhalli kafin a fara babban aiki. Hukumar tarayya da ke riƙe da sandar tilasta bin dokokin muhalli yau, NESREA, a 2007 aka kafa ta, kuma wanda ya sa wa dokar hannu namu ne, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda shi kansa malamin kimiyyar sinadarai ne kafin siyasa. Na gaya wa Alhaji, mai kamfanin, wannan, ina zaton zai sanyaya masa rai. Ya ce Allah ya jiƙan maza, amma nawa za a kashe?

Ƙa'idojin da suka shafe mu kai tsaye a lokacin su ne na masana'antun abinci da abin sha da taba na 2009, da na tsarin bayar da izini da lasisi su ma na 2009, sai na kare ingancin ruwan sama-da-ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa na 2011. A bayan ta farko da ta ƙarshe akwai jadawali na lambobi, kuma nan ne maganar take. Sauran shafukan duk sharar fage ne ga wannan jadawalin: abin da ya fita daga bututunka kada ya wuce kaza. Ban da na tarayya, jiha tana da tata hukumar kare muhalli, ƙaramar hukuma tana da duba-gari, kuma takardar wannan ba ta hana wancan ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Tun da an riga an gina kamfani, hanyar da ta rage mana ita ce binciken muhalli, kuma ba ni zan rubuta shi ba. Sai ƙwararren da hukuma ta tantance. A nan muka fara tuntuɓe. Wani ya kawo wa manaja mutum mai araha, wanda ya ce kwana uku ya isa, ba sai ya zo ba ma, a turo masa hotuna ta WhatsApp. Na nemi ganin shaidar tantancewarsa, aka yi ta 'yan kame-kame, da ta zo kuma wa'adinta ya ƙare. Na biyun da muka ɗauka ya ninka shi kuɗi, amma ranar farko ya sa takalmin roba ya ce mu bi kwata daga tushe har ƙarshe. Injiniya nake ce masa, shi kuma yana ce mani Malam.

Wannan bin kwatar ya koya mani abin da shekara biyar a kamfanin ba ta koya mani ba. Ashe ba ruwan jiƙo kaɗai ke bi ta ciki ba. Akwai ruwan da ɗan boila ke fitarwa daga gindin tukunyar tururi, mai zafin da zai saɓule fata. Akwai ruwan wankin daɓe. Akwai baƙin mai daga ɗakin janareto, wanda yaran ke juyewa a kwata duk lokacin da aka yi juyen mai, don ita ce mafi kusa. Akwai ruwan sama daga rufi da filin shanya, shi ma nan yake shiga. Duka a bututu ɗaya.

Lambar da matar nan ta nema, da bokiti muka samo ta. Bokiti mai lita 20 da agogon waya: a tara a bakin bututu, a ga daƙiƙa nawa ya ɗauka ya cika, a maimaita a farkon saki da tsakiya da ƙarshe, don ƙarfin ruwan yana raguwa yayin da tanki ke sauka. Muka auna faɗi da tsayin tankuna muka yi lissafi ta wancan ɓangaren don a gwada. Daga baya Injiniya ya sa aka ɗaura mita a kan rijiyar burtsatse. Da na kai wa Alhaji jimillar ruwan da muke ja a rana, da man dizal da ake ƙonawa wajen jawo shi da dafa shi, sai ya gyara zama. Wannan ne karon farko da maganar muhalli ta shiga kunnensa da harshen da yake ji.

Sai ɗibar samfuri. Abin yana da ladubba kamar alwala. Zafi da ma'aunin tsami, wato pH, a bakin bututu ake auna su nan take, don suna canzawa kafin a kai ko'ina. Samfurin mai a kwalbar gilashi ake ɗiba, saboda mai yana manne wa roba. Na ƙwayoyin cuta kwalbarsa daban, wadda aka riga aka kashe komai a cikinta, ba a taɓa bakinta da hannu. Kowace kwalba a rubuta mata wuri da rana da lokaci, a jera su a kula a danne da ƙanƙara, a riƙe sanyin wajen digiri 4 har ɗakin gwaji. Akwai kuma takardar da kowa ke sa wa hannu idan kular ta shiga hannunsa.

Ɗakin gwajin da muka yi amfani da shi a Kano yake. Na ɗora kular a motar kamfani da hantsi, na ja wa direba kunne. Abin da ban sani ba, manaja ya haɗa masa da wani saƙo. Ya tsaya Kankia, ya tsaya Bichi, ya shiga Kano bayan an tashi aiki, ya kwana, kula tana bayan mota. Da safe da suka buɗe, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi, kwalabe sun kumbura. Mai ɗakin gwajin ta kira ni ta ce za ta iya aunawa in ina so, amma lambar da za ta fito ba ta ruwanmu ba ce, ta abin da ya rage ne bayan ya kwana yana ruɓewa. Kuɗin mota, kuɗin kwalabe, mako guda cikin wa'adi, duk sun tafi. Karo na biyu ni na rungumi kular a kujerar gaba.

Bari in ɗan tsaya kan gwajin da ake kira BOD, wato awon iskar da dattin ruwa ke sa a cinye, don shi ne zuciyar lamarin ga mai ruwa irin namu, kuma shi na fi shan wahalar fahimtar da mutane. Ruwan jiƙo ba guba ba ne irin ta majema ko ta kamfanin batir. Abinci ne. To ina laifin abinci? Laifinsa shi ne ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cin sa, kuma suna ci suna zuƙe iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, wadda kifi da sauran halittun rafi ke numfashi da ita. Ruwa mai tsabta, duk kyansa, iskar da yake riƙewa a yanayin zafi irin namu ba ta wuce miligiram 8 zuwa 9 a lita ba. A gwajin ana rufe samfuri a kwalba, a ajiye a duhu a digiri 20 har kwana biyar, a ga iskar nawa aka cinye. Idan lita ɗaya ta ruwanka tana buƙatar ɗaruruwan miligiram, ka ga bokiti guda ya isa ya shaƙe bokitai masu yawa na rafi. In iskar ta ƙare sai wasu halittun da ba su buƙatarta su karɓi aiki, su ne masu fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ni dai a ɗakin gwaji na ga fassarar karin maganar. Kwana biyar ɗin nan kuma ba a rage su, ko wa ka sani. Akwai ɗan'uwansa COD da ake dafa samfuri da sinadari na sa'a biyu, shi yana fitowa da wuri, amma hukuma duka biyun take son gani.

Sakamako ya zo, bai yi mana kara ba. BOD ya ninka iyaka ninkin ba ninkin. Doka tana son pH tsakanin 6 da 9, namu ya faɗi ƙasa da 6, wato tsami ya yi yawa. Zafi ana son ƙasa da digiri 40, namu lokacin saki ya haura. Mai ya wuce. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ƙwayoyin cuta irin na bayan gida, masu yawa, a ruwan da aka dafa. Daga ina? Injiniya ya aiki yaro shago ya sayo bula irin ta wanki, ya kaɗa a bokiti ya juye a bayin ma'aikata. Muka koma bakin kwata muka tsuguna. Ba a yi minti goma ba sai ga shuɗi yana biyo ruwa. Ashe shekarun baya da ramin bayin ya cika, wani mai gyaran famfo ya huta wa kansa ya haɗa bututun da kwata, ya rufe da siminti. Ba wanda ya sani, ko kuma wanda ya sani ya bar kaza cikin gashinta.

Zaman da aka yi a ofishin Alhaji bayan wannan shi ne mafi nauyi a wurina. Manaja ya kawo shawara biyu, kuma ba don mugunta ba, shi a ganinsa dabara ce. Ta farko, a ɗebi samfuri ranar Juma'a da rana lokacin da ba a jiƙo, ruwan wankin daɓe ne kawai ke gudu. Ta biyu, tun da muna da rijiyar burtsatse, a saki ruwa mai kyau cikin kwatar ya sirka, lambobi su sauko. Alhaji ya dube ni.

Na ce, "Ranka shi daɗe, sirkawa doka ta hana ta ƙarara. Kuma ko ba ta hana ba, in an zuba cokali goma na sukari a kofi, aka juye kofin a tulu, sukarin cokali goma ne dai. Rafin ne zai sha shi duka. Ga kuɗin dizal na jawo ruwan da za mu zubar." Game da Juma'a kuwa na ce masa jami'an za su dawo da kwalabensu, ba kuma za su gaya mana ranar ba. In lambarsu ta saɓa da tamu, laifin ya tashi daga ƙazanta ya koma ƙarya a takardar gwamnati, kuma sa hannuna ne a ƙasa. Ban ɓoye masa ba cewa wannan na ƙarshen ya fi damuna. Ya yi shiru, ya ja carbi, ya ce Injiniya ya kawo lissafi.

Injiniya bai kawo mana injuna daga waje ba, kuma na yaba masa. Ya ce duk abin da ke buƙatar wuta dare da rana, a yanayinmu, wata shida zai yi ya zama kwalliya. Fili muke da shi da rana, su za mu yi aiki da su. Aka fara da raba hanya: ruwan sama kwatarsa daban, bayi aka haƙa masa sabon rami, ɗakin janareto aka yi masa tarkon mai da ganga ta tara baƙin mai. Wannan kaɗai, kafin a haƙa komai, ya rage rabin ciwon kai. Sannan raga a bakin kwata ta tare ɓuntu, sai tankin tarawa inda jiƙo ke hucewa a zuba masa farar ƙasa gwargwado ta kashe tsamin. Daga nan tafki na farko, mai zurfi, wajen mita uku, inda halittun da ba su son iska ke cinye mafi yawan sitacin. Na biyu faffaɗa ne marar zurfi, mita ɗaya da 'yan kai, don rana ta ratsa, gansakuka ta yi kore ta ba ruwan iska. Na ƙarshe fage ne na tsakuwa da aka dasa geranya, ruwa na bi ta saiwoyinta a hankali.

Inda aka yi ja-in-ja shi ne shimfiɗa. Ƙasarmu rairayi ce, in ka haƙa tafki ka zuba ruwa, rabinsa ƙasa zai shige, kuma maƙwabta da rijiyoyi suke sha. Alhaji ya ga kuɗin leda mai kauri irin ta tafkin kifi ya ce ai kududdufin da ma ba leda. Injiniya ya ce shi ya sa zai so a auna rijiyar islamiyya kafin a ci gaba da gardama. Ba a kai ga aunawa a ranar ba, aka sayi leda. An dai auna daga baya, ta shiga cikin wuraren da nake bibiya.

Tafkin farko ba ya kama aiki haka kawai, sai an yi masa iri. Amalanke biyu na ɗanyen kashin shanu muka zuba. Kuskurenmu, a cikin hunturu muka fara, kuma waɗannan halittu ba su son sanyi. Sati uku wari ya fi na da. Mai unguwa ya aiko, na je na durƙusa na yi bayani, ya ce, "To Malam, mu dai da gyaran nan da rashinsa, hancinmu bai ga bambanci ba." Ba ni da amsa sai haƙuri. Da zafin bazara ya shigo, ɓawon kumfa ya rufe saman tafkin farko, na biyu ya yi kore shar, warin ya kwanta. Muka kewaye wurin da waya saboda yara, don tafki mai leda santsi gare shi, wanda ya faɗa ba ya iya hawowa.

Abin da ban taɓa kawowa a rai ba shi ne za a samu wanda zai yi fushi don mun daina sakin ruwa. Lokacin da ake cika tafkunan, kusan wata guda ba ɗigon da ya fita. Wata safiya mai gadi ya ce ina da baƙo. Dattijo ne da fartanya a kafaɗa, cikin masu lambu a bakin rafin.

"Ɗana, kai ne ka kashe muna ruwa?"

Na ce, "Baba, gyara shi muke, ruwan nan ba shi da kyau."

Ya ce shekara nawa yana ban ruwa da shi, shi zai gaya mani kyansa da muninsa. In ya zo da zafi yana ƙone dashe, don haka sai ya tare shi a rami ya kwana biyu. In ya huce kuwa, alayyafo da latas har sun fi son sa da ruwan rijiya, ba ya ma sayen taki sosai. Yanzu ga rani, ga albasa ta fara ƙwai, mun rufe.

Duk wanda ya san lambunan Ƙofar Marusa da yadda ruwan Ginzo ke ratsa gari kafin ya isa gare su, ya san wannan ba sabon abu ba ne a Katsina. Da rani ruwan kwata shi ne kogin mai lambu. Kuma Baba bai yi ƙarya ba, jiƙon shinkafa yana ɗauke da abincin shuka. Abin da bai sani ba shi ne shuɗin bular nan da muka gani. Na tsaya ina tunanin latas ɗin da ake yanka mana a kan shinkafa da wake, ɗanye, wanda ba mamaki daga fadamarsa ya fito. Na gaya masa gaskiyar abin da muka gano. Ya yi salati, ya ce to yanzu fa? Muka koma wajen mai unguwa, aka yi magana a kan cewa ruwan zai dawo bayan ya bi tafkuna, ba zafi ba tsami, kuma kullum a hankali maimakon ambaliya sau biyu a rana. Injiniya ya rubuta a rahoto cewa ana ban ruwan kayan lambu a ƙasa da mu, abin da manaja ya so a tsallake don kada a tsaurara mana. An kuwa tsaurara ta fuskar ƙwayoyin cuta, kuma daidai ne.

Cike takardun kansa bai kai duk wannan wahala ba. Fom ne da ke tambayar abin da ake sarrafawa, ruwan da ake ja, wanda ake saki, inda yake faɗawa, da yadda ake tace shi. Aka haɗa da rahoton bincike, da zanen tafkuna, da taswirar da ke nuna bakin bututu, da sakamakon gwaji na da da na yanzu, da tsarin abin da za a yi in wani abu ya ɓaci. Kuɗi ta Remita, hanyar biyan kuɗi ta intanet, aka biya zuwa asusun gwamnati, ba a hannun kowa ba, aka maƙala rasit. Sau ɗaya aka dawo mana da fayil, kuma laifina ne: adadin ruwan da na rubuta a fom na lokacin da aiki ya yi sauƙi ne, na cikin rahoto kuwa na kaka ne, lokacin da tankuna ba su hutawa. Aka ce in tsaya a kan guda, kuma babban.

Sun dawo ranar wata Talata ba sanarwa, ana tsakiyar sakin jiƙo. Matar nan ce dai. Ta bi layin tun daga raga har geranya, ta sa aka buɗe tarkon mai, ta nemi littafin da nake rubuta awon kullum ta duba ko duk da biro ɗaya aka cike shi a zama ɗaya. Suka ɗebi samfuri a bakin bututun ƙarshe, aka raba biyu, nasu da namu. Ta sake tambayata lita nawa muke saki a rana. Na faɗa mata har da bambancin kaka da bazara. Ba ta ce komai ba, ta rubuta.

Izinin da ya fito takarda ce mai wa'adi, da sharuɗɗa a jikinta: wurin da aka yarda a saki ruwa, iyakokin da ba za a wuce ba, gwaji a kai a kai da aika sakamako, sanar da hukuma in an samu malala, da neman sabon izini in an ƙara girman aiki. Binciken muhalli kuma duk shekara uku ake sake shi. Alhaji ya sa aka yi mata firam aka rataye kusa da ta NAFDAC. A ganinsa an gama.

Watan Agusta ya nuna mana ba a gama ba. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin dare, ɓuntu ya toshe sabuwar kwatar ruwan sama, ruwan filin shanya ya juyo ya afka tafkin farko, baƙin ruwa ya haura ya bi tsohuwar hanya zuwa kududdufi. Da asuba mai gadi ya buga mani waya. Manaja ya ce ruwan sama ya riga ya wanke, wa ya gani? Na rubuta wasiƙar sanarwa a ranar, da hotuna, da abin da muka yi: an yashe kwata, an ɗaga bakin tafki da buhunan ƙasa kafin a yi na siminti. Hannuna na rawa na kai, ina jiran tara. Aka zo aka duba, aka ba mu lokacin kammala gyara, aka sa a fayil.

Yanzu kowace safiya kafin in taɓa shanshera sai na zagaya tafkuna da ma'aunin pH da na zafi da littafi. Launin na biyu nake fara kallo. In kore ne, lafiya. In ya fara komawa toka-toka ko ja-ja, an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa, sai in je in roƙi masu jiƙo su rarraba sakin tankuna. Kwanakin baya kainuwa ta bayyana a kai, ba wanda ya dasa ta, sai da muka kwashe don tana tare rana.

Laka ta fara taruwa a gindin tafkin farko, Injiniya ya zura gora ya ce bana sai an yashe. Baba ya ji labari tun kafin in gaya wa Alhaji, ya zo ya ce kada a kai ta ko'ina, shi yana so, ga amalankensa. Na ce sai an shanya ta ta bushe sarai, an kuma auna ta tukuna. Ya ce ni dai komai sai na kai Kano. Kwalaben suna cikin kula yanzu haka, na sa yaro ya sayo ƙanƙara tun dare, gobe bayan sallar asuba zan kama hanya.